Yadda A Ke Duban Aikin Da Ya Ci Lamba A Zauren Nuni

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan magana gaskiya ce, sai dai da saura, gama idon da bai saba da hatsi ba ba ya iya kimanta dami. Haka al'amarin ya ke ga aikin hannu. In aka tara zane-zane da tukwane da ɗinke-ɗinke a zaure guda, aka sa alƙalai suka duba, suka ce wannan shi ne na ɗaya, wancan na biyu, sai ka ga masu kallo sun rabu gida biyu. Waɗansu da sun hangi takardar yabo manne a jikin aiki sai su shiga yaba shi, alhali in ka tambaye su abin da ya yi kyau a ciki sai su yi shiru. Waɗansu kuwa sai su taɓe baki, su ce ai son kai ne kurum, ko yaro ma ya iya yin wannan. Duka biyun ba su duba aikin ba, takardar suka duba.

'Yan'uwana ɗalibai, wannan magana ta shafe mu fiye da sauran jama'a. Ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, a ba kowa ajinsa, yara kuma za su kawo mana abin da suka zana ko suka saƙa ko suka gina da yumɓu, su tsaya suna jiran abin da za mu ce. A ranar nan mu ne alƙalai. Malamin da bai koyi duba ba ya kan yaba wa mai kwaikwayo, ya kushe mai basira, yaron kuwa da aka kushe tun yana ƙarami da wuya ya sāke ɗaukar alƙalami. Saboda haka na ga ya kamata mu tattauna yadda a ke shirya irin wannan nuni, da abin da alƙalai su ke nema, da yadda mai kallo zai amfana.

Da fari, mene ne nuni mai alƙalai? Ga yadda a kan yi. Masu shiri su kan yi shela, su faɗi irin aikin da su ke so da ranar da za a rufe karɓa. Kowane mai sana'a ya aiko da nasa. Sa'an nan a zaɓi mutane kaɗan waɗanda suka san sana'ar, sau da yawa uku ko biyar, don kada ra'ayi ya rabu daidai a rasa mai rinjaye. A wurare da yawa a kan rufe sunan mai aiki, a sa masa lamba, don kada sanayya ta shiga. Aikin alƙalai hawa biyu ne. Na farko su tace, su ware abin da ya isa a rataye shi a zaure, su mai da saura ga masu shi. Na biyu su sāke duba waɗanda suka shiga, su fid da gwanaye a kowane kashi, watau zane da fenti dabam, gini da yumɓu dabam, saƙa da ɗinki dabam. To, ka ga ashe shiga zauren kanta ma cin nasara ce, kada ka raina aikin da ba a manna wa takarda ba.

Wannan al'ada ta daɗe a ƙasashen Turai. A birnin Landan akwai wata ƙungiya ta masu zane wadda Sarkin Ingila ya ba ta izini, tun shekarar 1769 ta ke yin nuni kowace shekara lokacin zafi, kowa yana da damar aikawa da nasa, dubbai su kan aika, kaɗan a ke ɗauka. Amma kada mu zaci mu ba mu san auna gwaninta ba sai da Turawa suka zo. Sarautar Babban Gwani da aka ba Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ai lambar yabo ce, har ta fi ta takarda, tun da zuriyarsa sun gaje ta. Kuma gasar rubuta littattafan Hausa da Ofishin Fassara na Zariya ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta East, wadda ta fito da su Malam Abubakar Imam, da alƙalanci aka yi ta.

Garinmu Kaduna ma yana da rabonsa. A 1959 Jihar Arewa ta sami mulkin kai, aka yi babban biki a nan, da hawan daba, aka kuma shirya nunin ayyukan hannu don murnar abin. A 1972 Kaduna ta karɓi baƙuncin bikin fasaha da al'adu na Nijeriya duka, a 1977 kuma, lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Ikko, a nan aka yi hawan dabarsa. Gidan kayan tarihi da ke kan titin Ali Akilu an buɗe shi a 1975, a ginin da dā ya ke hedkwatar jam'iyyar NPC. Wanda ya ke son horar da idonsa ba ya bukatar ƙetare kogi.

Yanzu sai mu zo ga abin da alƙali ya ke nema. Alƙalai sun bambanta, amma akwai abubuwa biyar da kusan kowa ya yarda da su, dukansu kuwa mun san su tun a gida, sai dai ba mu jera su ba.

Na ɗaya, ƙwarewar hannu. Dattijo in zai sayi riga mai aska takwas ba ya tsayawa ga kallon gabanta, sai ya juya cikinta ya ga yadda zare ya bi, ko ɗinkin ya yi daidai wa daida, ko an yi tsallake don gaggawa. Haka alƙali ya ke yi wa zane. Yana duba ko layin ya tafi da ƙarfin zuciya ko hannu ya yi rawa, ko fenti ya zauna ko ya cakuɗe, ko bakin tulu ya daidaita da gindinsa. Wannan shi ne mafi sauƙin ganewa, shi ne kuma tushe.

Na biyu, tsari, watau yadda aka raba fili. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ga allon zayyana da a ke yi wa mai sauka. Mai zayyana ba ya fara sa launi sai ya raba allon, ya san tsakiyarsa, ya san gefensa, ya auna dama da hagu don kada wani sashe ya yi nauyi ya rinjayi ɗan'uwansa. Mai zane ma haka. In ka tsaya gaban aiki, lura da wurin da idonka ya fara sauka, sa'an nan ka ga inda ya bi daga nan. In aikin gwani ne za ka iske idonka yana zagayawa a ciki kamar baƙon da mai gida ya ke nuna wa ɗakuna. In na koyo ne sai ido ya rasa masauki.

Na uku, launi. Ba yawan launi ke sa kyau ba. Marinan Ƙofar Mata a Kano da baba kaɗai su ke aiki, amma su kan fid da shuɗi iri iri, daga mai haske har zuwa wanda ya kusa baƙi, in an kai shi wurin mabuga kuma ya ɗauki sheƙi. Alƙali yana duba ko launukan sun zauna lafiya da juna, in kuwa an sa masu faɗa da juna, ko da gangan aka yi don a jawo ido zuwa wani wuri.

Na huɗu, nufi. Kowane aikin kirki yana da abin da ya ke so ya gaya maka, ko zafin rana a kasuwa, ko ƙasaitar mahayi, ko natsuwar mai karatu. A nan mutane da yawa su ke tuntuɓe, gama sun ɗauka kyan zane shi ne ya yi kama da abin da aka zana sak. In da haka ne, da na'urar ɗaukar hoto ta kashe sana'ar tuntuni. Maroƙi in yana yabon jarumi ba ya ƙidaya maka haƙoransa, abin da ya sa shi jarumi ya ke fito da shi. Mai zane ma ya kan tsawaita wani abu, ya rage wani, don nufinsa ya bayyana. Tambayar da ta dace ita ce, me ya so ya faɗa, ya kuwa faɗe shi?

Na biyar, a ga hannun mai shi. Aikin da aka kwafo daga na wani, kome kyansa, ba ya cin lamba a wurin alƙalan ƙwarai. Wannan magana ce ta sa waɗansu ɗalibai na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyarsu a 1958. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne ɗan Nijeriya ya koyi dabarun Turawa, amma ya haɗa su da abin da ya gada, kada ya zama inuwar wani. Dukansu sun zama manyan masu zane daga baya.

Bari mu gwada ma'aunin nan a kan mutum biyu da suka ci yabo. Na farko shi ne Jimo Akolo, mutumin Egbe, wanda ya yi Kwalejin Gwamnati ta Keffi, ya shiga kwalejin Zariya a 1957 tare da waɗansu daga cikin waɗancan da na ambata. Shi ne ya ci na ɗaya a zane a nunin murnar mulkin kai na 1959, yana ɗalibi. A farkon shekarun 1960 aka ba shi aikin zanen bango a Majalisar Dokoki ta Arewa a nan Kaduna, daga baya ya zama shaihin malami a jami'ar Zariya, ya rasu a 2023. Abin da ya fi zanawa a shekarun nan na farko shi ne abin da mu ke gani kullum, makaɗa da mahaya dawaki. Wanda ya dubi irin aikin nan da gaggawa zai ce ai doki ba haka ya ke ba, gama layukan sun miƙe da ƙarfi, launin kuma an shimfiɗa shi fili fili kamar gyauton da aka harhaɗa. Amma ja da baya kaɗan, ka bar neman gashin doki, ka dubi yadda mahaya suka cika fili. Za ka ji nauyin taro da ƙasaita irin ta ranar hawa. Tsari ne ya yi wannan aiki, da kuma ƙarfin halin barin abin da ba a bukata.

Ta biyu ita ce Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga ƙauyen Kwali a ƙasar Gwari. Tun tana yarinya ta koyi gini a hannun 'yan'uwanta mata, da hannu kaɗai, tana ɗora yumɓu a kan yumɓu tana zagaya tulun. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, watau garin da a ke kira Suleja yanzu, ya sayi tulunanta ya ajiye a gidansa, a can ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su a 1950. Wannan Bature ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja a 1952, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Aka nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, Gwamnatin Tarayya ta ba ta babbar lambar cancanta ta ƙasa a 1980. Ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Lura fa, idon da ya fara ganin darajarta na gida ne, ba na baƙo ba.

Me za ka duba a tulun Ladi? Fara da siffa, ka ga yadda cikin ya kumbura ya daidaita ta kowane gefe, ba tare da faifai mai juyawa ba. Sa'an nan ka dubi zanen da ta tsaga a jiki, ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu, kowanne a cikin filinsa, an raba su da layuka kamar kunyoyin gona, zanen kuma yana bin kumburin tulun, ba ya faɗa da shi. Amma akwai wani abin lura da ya kamata mai hankali ya sani. Tulun gargajiya da a ke toyawa a fili da itace da ciyawa yana da ƙananan kafofi, yana yin gumi, gumin nan ne ke sanyaya ruwa. Waɗanda aka yi a makarantar Abuja kuwa da yumɓu mai tauri aka gina su, aka shafa musu ruwan sheƙi, aka gasa su a matoya mai zafin da ya wuce digiri 1,200. Suka yi kyau, suka yi ƙarko, amma suka yi nauyi, kuma ba su gumi, saboda haka ba su sanyaya ruwa. Ka ga tulun da ya ci yabo a Landan, uwar gida a Kwali ba lalle ta zaɓe shi ba. Ita ma alƙaliya ce, sai dai ma'auninta dabam. Don haka in ka ga lamba, ka tambaya a kan me aka ba da ita.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da na san tana zuciyar mai karatu, shin alƙalai ba su kuskure? Suna yi mana, ai mutane ne. A birnin Faris na ƙasar Faransa, a 1863, alƙalan babban nunin gwamnati suka ƙi fiye da rabin ayyukan da aka aiko, masu zane suka yi ta kuka har maganar ta kai ga Sarki Napoleon na Uku, ya ba da umurni a buɗe wani zaure dabam don waɗanda aka ƙi, jama'a su gani da idonsu. Mutane da yawa suka je don su yi dariya. A cikin waɗanda aka ƙi ɗin nan akwai Manet da Pissarro da Cézanne, waɗanda yau a ke lissafa su cikin manyan gwanayen duniya, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka ci lamba a shekarar an manta da sunansu. Darasin ba wai a raina alƙalai ba ne. Hukuncinsu ra'ayi ne na masana, a wata rana, a kan ayyukan da aka kawo gabansu. Ya cancanci a saurare shi da ladabi kamar yadda a ke sauraron dattijo, sa'an nan a duba da ido. In ka saɓa musu, to, ka kawo hujja daga jikin aikin, kada ka ce kurum bai yi maka ba.

Akwai kuma wata damuwa da ba ta kamata a ɓoye ta ba. Da yawa daga cikinmu mun tashi muna jin gargaɗin malamai game da surar abu mai rai, har wani ya kan ji nauyin shiga zauren nuni. Wannan mas'ala ce ta malaman fiƙihu, suna da bayani a kanta, wanda ya ke da shakka sai ya koma gare su. Abin da zan ce kawai shi ne fagen yana da faɗi. Rubutun Alƙur'ani da zayyanarsa, da adon bango na gidajen Zariya da Kano, da dagi, da aikin fata, da saƙar tabarma da faifai, da sassaƙar ƙwarya, duk ayyuka ne da a ke nunawa a kuma ba su lamba, ma'aunin nan biyar kuwa yana aiki a kansu daidai.

To, in Allah ya kai ka zauren nuni, ga shawara. Kada ka fara da karanta takardun yabo. Zagaya zauren sau ɗaya a hankali, ka zaɓi uku da suka fi kama zuciyarka, ka rubuta dalili a ɗan littafinka. Sa'an nan ka nemi waɗanda alƙalai suka zaɓa, ka gwada da naka. Tsaya gaban wanda ya ci na ɗaya, ka dube shi daga nesa don ka ga tsari, ka matso kusa don ka ga hannu, ka sāke ja da baya. Ka ba shi lokaci ko da na minti biyar ne, gama aikin da aka yi wata guda ana yi ba a gane shi da ƙiftawar ido. Karanta sunan aikin da abin da aka yi shi da shi, domin wahalar fentin ruwa dabam ta ke da ta fentin mai, shi na ruwa in an yi kuskure da wuya ya gyaru. Kada ka taɓa da hannu, maiƙon yatsa yana ɓata aiki. In mai aikin yana wurin, gaishe shi, ka tambaye shi yadda ya yi, yawancinsu suna murna da mai tambaya. In babu nuni a gari, tafi gidan kayan tarihi ka gwada idonka a kan kayan Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 a kudancin jiharmu, aikin maginan da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Daga ƙarshe, ranar da ka zama alƙali a ajinka, tuna da abin da ka koya. Jera aikin yara duka a bango, rufe sunaye, kira wani malami ko wani mai sana'a na gari ya taya ka dubawa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka ba da na ɗaya, faɗi dalili a gaban kowa, don waɗanda ba su ci ba su san abin da za su gyara. Kada ka fifita wanda ya kwafo hoton littafi a kan wanda ya zana rijiyar unguwarsu, ko yarinyar da ta kawo faifan da ta saƙa. Wa ya sani ko a cikinsu akwai wata Ladi, tana jiran idon da zai gane ta?

Allah ya ba mu ido mai kima da zuciya mai adalci, amin.